Furfura: Me Ya Sa Muke Farawa da Baƙi Wuluk?

Mutane da yawa da ke rina furfura ba su taɓa zama sun yi shawarar irin rinin da za su yi ba. Fari ya ɓullo a gefen kunne ko a tsakiyar gemu, mai aski ya ce, "Yallaɓai, a ɗan shafa maka baƙi?", ko mai gyaran gashi ta ce, "Anti, bari in rufe miki wannan wurin," mutum ya gyaɗa kai, shi ke nan an shiga. Abin da ake shafawar kuwa kusan kullum iri ɗaya ne: baƙin rini mai zama daram, wanda ya fi kowanne ƙarfi, ya kuma fi kowanne wuyar fita. Wannan ne ke damuna. Ba ni da ja da mai son rina gashinsa, kansa ne, kuma son a ga mutum tsaf ba laifi ba ne. Jerin da muke bi nake ja da shi. Baƙi wuluk ya kamata ya zo a ƙarshe, bayan an gwada masu sauƙi an ga ba su biya buƙata ba, amma mun mai da shi matakin farko.

Dalilina na farko lissafi ne kawai. Launin gashi yana fitowa daga wani sinadari da ake kira melanin, wanda wasu ƙwayoyin halitta ke sarrafawa can a gindin gashi, ƙarƙashin fata. Idan shekaru suka ja, ƙwayoyin nan sukan ragu, sai sili ya fito babu launi. Rini ba ya isa wurin. Iyakarsa silin da ya riga ya fito waje, shi kuwa gashi ba ya fasa tsiro: kimanin santimita ɗaya yake ƙarawa a wata, na wani ya ɗara haka kaɗan, na wani ya gaza. Don haka duk wanda ya rina yau, bayan sati uku ko huɗu zai ga fari ya leƙo daga gindi. Mai shekara 45 da ya ɗauki rini duk wata, in ya kai 70 yana yi, ya ɗora wa fatar kansa wannan haɗin sau 300. Da a ranar farko an gaya masa abin da yake ɗaukar wa kansa ke nan, ina da yaƙinin zai tsaya ya karanta kwalin kafin ya yarda.

Baƙin kuma shi da kansa yake ƙara yawan komawa. Idan gashi baƙi ne ƙirin, gindinsa fari fat, ido yana kama bambancin tun daga nesa. Launi mai ɗan sassauci, irin ruwan ƙasa mai duhu, yakan haɗiye sabon farin na ɗan lokaci, amma baƙi wuluk tona shi yake yi. Sai wanda ya so ɓoye furfura ya wayi gari ta fi fitowa fili, domin da can a warwatse take cikin gashi, yanzu kuwa ta taru ta yi layi ɗaya kamar an ja da alli. Sai ya rage tazara, daga sati shida zuwa huɗu, daga huɗu zuwa biyu, kuma farin yana ƙaruwa da shekaru, abin yana ƙara tsananta. Akwai wani abu kuma da ƙwararrun masu gyaran gashi suka sani: gashin mutum na asali, ko da baƙi ne, launinsa ba ɗaya ba ne. In ka dube shi a rana za ka ga wani sili ya fi wani duhu. Baƙin rini yana shafe wannan duka, ya bar launi guda tak, kuma a fuskar da ta fara nuna shekaru wannan baƙin yana ƙara fito da yamushewar fata ne. Kowa ya taɓa ganin dattijo da gashi baƙi siɗik a kan fuskar ɗan shekara saba'in, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukarsa ɗan arba'in saboda haka.

Wahalar gaske tana zuwa ranar da mutum ya gaji. Rini ba ya haskaka rini. Ba za ka shafa ruwan ƙasa a kan baƙi ka samu ruwan ƙasa ba. Sai dai a sa sinadarin kankare launi, wanda ke cin ƙarfin gashi ya bar shi jaja-jaja, a bushe, yana karyewa, ko a aske, ko a daure watanni ana yawo da kai rabi fari rabi baƙi. Namiji mai gajeren aski, askin ƙwal ɗaya ya raba shi da matsalar. Macen da gashinta ya kai santimita 30 kuwa tana buƙatar sama da shekara biyu kafin sabo ya maye gurbin tsoho gaba ɗaya. Shi ya sa mata da yawa ke ci gaba da rinin da suka daɗe da ƙosawa da shi: ba su ga ƙofar fita ba, kuma ranar shiga babu wanda ya gaya musu.

Alhali tsakanin barin furfura yadda take da baƙin dindindin akwai fili mai faɗi da ba a cika nuna wa mutane ba. Rinin dindindin yana aiki da abu uku: amoniya ko wani ɗan'uwanta da ke buɗe ɓawon sili, ruwan haidurojin ferogzayid da ake kwaɓawa da shi, wato ruwan haɗi, da ƙananan ƙwayoyin launi da ke kutsawa cikin silin su haɗu su yi girman da ba za su iya fitowa ba. Dalilin ke nan da wanki ba ya fitar da shi. Ƙasa da shi akwai wanda ruwan haɗinsa ba shi da ƙarfi sosai, ba ya kashe launin asali, nasa yake ɗorawa a kai, ya dusashe sannu a hankali bayan wanki ashirin da wani abu. Ƙasa da wannan akwai wanda ba a haɗa shi da komai, yana zama a saman sili, ya tafi cikin wanki 6 zuwa 12. Sannan ga hoda da feshi da ɗan alƙalamin da ake taɓa gindin gashi da su, waɗanda wanki ɗaya ke kwashewa.

Masu sauƙin nan ba sa rufe fari ɗari bisa ɗari, kuma mutane na ɗaukar hakan naƙasu. Ni a wurina nan alherinsu yake. Farin sili yana ɗaukar launin sama-sama, ya zama ɗan haske a cikin duhu, sai kan ya yi kama da kan mutum na gaske. Da yake launin dusashewa yake yi a lokacin da gashi ke tsiro, wancan layin mai kaifi ba ya fitowa. Wanda furfurarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kansa ba, a ganina ba shi da dalilin taɓa rinin dindindin. In ya gwada mai sauƙi bai ji daɗinsa ba, cikin wata ɗaya ko biyu ya koma inda yake, bai yi asarar komai ba. Wadda farinta ya taru a goshi kawai, ɗan feshi ranar da za ta fita ya ishe ta, ba sai ta jiƙe kai gaba ɗaya saboda sili ashirin ba.

Dalilina na biyu ya fi na farko nauyi, domin na lafiya ne. Sinadarin da ke ba da baƙin nan a yawancin rini ana taƙaita sunansa da PPD. Tsohon abu ne. Wani Bajamushe masanin sinadarai, August Wilhelm von Hofmann, ya bayyana shi a 1863, kuma kafin ƙarni na 19 ya ƙare an fara rina gashi da shi. Har yau shi ne sarkin rufe fari, kuma gwargwadon duhun launi, gwargwadon yawansa a ciki. Aibinsa shi ne yana cikin sinadaran da suka fi saurin sa fata ta yi bori. A 2006 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin borin fata ta zaɓe shi a matsayin sinadarin da ya kamata a ja hankalin jama'a a kansa a wannan shekarar. Tarayyar Turai ta ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an kwaɓa rini, ta kuma wajabta gargaɗi a jikin kwali, har da cewa ba a yi shi domin 'yan ƙasa da shekara 16 ba.

Abin da ke yaudarar mutane game da borin nan shi ne ba lallai ya zo a shafawar farko ba. Jiki yana iya jurewa shekara biyar, shekara goma, sannan wata rana ya ƙi. Yakan fara da ɗan ƙaiƙayi a bayan kunne ko a ƙeya, a ce zafi ne ko amosani. A shafawa ta gaba sai ƙuraje masu ruwa, sai fatar ido ta kumbura, wani lokaci fuska gaba ɗaya ta haye har ido ya rufe. Da zarar jiki ya koyi ƙin PPD, yawanci ya ƙi ke nan har ƙarshen rayuwa, kuma ƙin yana iya tsallakawa zuwa sinadarai masu kama da shi, irin wasu rinin tufafi masu duhu da wasu magungunan kashe raɗaɗi na shafawa kamar benzokain. Kowace shafawa wata dama ce da jiki ke samu ya koyi wannan ƙin. Mai shafawa sau 300 da mai shafawa sau 60 ba kasada ɗaya suka ɗauka ba.

Kwalin rini yana cewa a gwada ɗan kaɗan a fata, a bayan kunne ko a lanƙwasar hannu, a jira awa 48, kuma a yi hakan kowane lokaci, ko da an saba da kamfanin. Kusan babu mai yi, domin rini abu ne da ake tunawa da shi ana gobe taro. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin ba ya ba da cikakken tabbaci, amma ya ceci fuskoki da yawa, kuma kwana biyu ne kacal. Wanda ya taɓa kumbura bayan rini kada ya koma yin gwaji da kansa, ya nemi likitan fata. Wanda kuwa leɓe ko harshe ya kumbura masa, ko numfashi ya yi masa wuya, asibiti ya nufa nan take, babu jira.

Rubutun da ke gaban kwali ma sai an yi hattara da shi. "Babu amoniya" yana nufin an sa wani sinadari da ke yin aikinta ba tare da warinta ba, bai ce komai game da PPD ba. "Babu PPD" sau da yawa yana nufin an musanya shi da ɗan'uwansa PTD, kuma wani kaso na masu bori da na farko suna yi da na biyun. Hoton ganye ko na kwakwa a jikin kwali ado ne. Gaskiyar tana baya, a jerin sinadaran da aka rubuta da ƙananan haruffa. Har rinin matsakaici da nake yabo, duk wanda ake kwaɓawa da ruwan haɗi yana iya ƙunsar ɗaya daga cikin biyun nan, don haka shi ma yana buƙatar gwaji.

Inda raina ya fi ɓaci shi ne garin da ake sayarwa da sunan baƙin lalle. Babu baƙin lalle. Ganyen lalle launi ɗaya ke gare shi, ja mai ratsin ruwan goro, daga wani sinadari mai suna lawson da ke kama jikin gashi, kuma yana buƙatar awoyi kafin ya kama. Duk garin da aka kwaɓa ya mai da fari baƙi cikin minti 20, an zuba masa wani abu, galibi PPD, kuma sau da yawa ba a rubuta nawa ne ba, ko ma ba a rubuta akwai shi ba. Masu binciken da suka auna irin wannan gari a ƙasashe daban-daban sun sha samun ninkin-baninkin abin da doka ta yarda da shi a rinin gashi. Mutum ya gudu daga sinadari, ya sayi abin da aka ce masa ganye ne, ashe sinadarin ya sayo, mafi ƙarfi, babu takardar gargaɗi. Zanen dayis a fata ma hanya ɗaya ce, kuma tana cikin mafiya sauri wajen koya wa jiki ƙin PPD, shi ya sa gargaɗin kwalayen Turai ya ambace ta da suna. Yarinyar da aka yi wa zane tana shekara goma sha biyu tana iya biyan bashin tana shekara arba'in, ranar da ta fara rina furfura. Likitoci a Sudan da Maroko sun daɗe suna ba da rahoton mutanen da suka sha wannan sinadari, da gangan ko bisa kuskure, har da ƙananan yara: maƙogwaro ya kumbura ya toshe numfashi, ƙoda ta lalace, wasu suka rasa rayukansu.

Nan ne maganar ta wuce zaɓin mutum ɗaya ta zama ta hukuma. Garin rini da ba shi da jerin sinadarai, ba sunan wanda ya yi shi, ba ranar lalacewa, bai kamata a bar shi a kasuwar kowace ƙasa ba. Ba za a ce wa mai saye ya yi hattara ba alhali an hana shi abin da zai karanta. Hukumomin da ke kula da magunguna da kayan shafe-shafe su ne ke da ɗakin gwaji, su ne ke da ikon kwashewa, kuma kalmar "lalle" a jikin abin da ba lalle ba ne ha'inci ce da ta cancanci hukunci kamar kowace ha'inci a kayan da ake sa wa jiki.

Lalle na gaskiya kuwa ina ganin girmansa. Ba kasafai yake sa bori ba, yana lulluɓe sili ya ƙara masa kauri da sheƙi. Sai dai a san halinsa kafin a ɗauke shi. A kan baƙin gashi da ƙyar ake ganinsa, a kan fari kuwa ja wur yake fitowa, wani na son haka, wani ba ya so. Mai neman duhu sai ya yi zubi biyu, lalle da farko, a wanke, sannan garin baba a kai, jan da shuɗin su haɗu su ba da ruwan ƙasa mai duhu ko kusan baƙi. Aikin rabin yini ne, kuma baba ya fi saurin dusashewa, sai jan ya riƙa leƙowa. Lalle shi ma ba ya fita. Gashin da ya sha baba, in aka sa masa sinadarin kankare launi, yana iya komawa kore. Wasu garin kuma an cakuɗa su da gishirin ƙarfe da ke faɗa da ruwan haɗin rini ya lalata gashi, don haka duk wadda ta taɓa sa lalle ta faɗa wa mai gyaran gashi kafin a ɗora wani abu. Masu larurar gado ta ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD a jini, musamman jarirai, lalle yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini, a nisanta su da shi.

Sai tambayar da ke tsorata kowa, wato cutar daji. A nan ba na son a rage, ba na son a ƙara. A 2019 masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suka fitar da sakamakon bin diddigin mata 46,709, kowacce tana da 'yar'uwar da ta yi ciwon dajin nono. Sun ga cewa masu amfani da rinin dindindin haɗarinsu na kamuwa da ciwon dajin nono ya ɗara na sauran da kashi 9 cikin 100. Da aka raba su, a baƙaƙen mata ƙarin ya kai kashi 45, a farare kashi 7, kuma a baƙaƙen matan da ke rini duk sati 5 zuwa 8 ko fiye da haka ya kai kusan kashi 60. A rini mai sauƙi da na wucin gadi ba su ga ƙarin a-zo-a-gani ba. A 2020 wani binciken, na ma'aikatan jinya mata 117,200 da aka bi tsawon shekara 36, bai ga alaƙa tsakanin rinin dindindin da yawancin cututtukan daji ba, ko da mutuwa daga gare su, in ban da ɗan ƙari a wasu nau'o'i kaɗan. Sai dai kusan duk matan wannan binciken farare ne. Irin wannan nazari alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa rinin ne sanadi. Amma dubi inda alamar ta karkata: rinin dindindin, yawan maimaitawa, baƙar fata. Mai hankali ba sai ya firgita ba, amma in akwai hanyar samun abin da yake so da rini mai sauƙi da tazara mai tsawo, me zai sa ya ƙi ta?

Matan da ke miƙar da gashi da rilaksa suna da ƙarin dalili. Rilaksa tana karya ginin sili, rinin dindindin ya zo ya buɗe shi, gashi ba ya ɗaukar duka biyun ba tare da ya karye ba. Mafi ƙaranci a bar sati biyu tsakaninsu, kuma kada a ɗora rini a kan fatar da rilaksa ta ƙona. Wadda ba za ta bar rilaksa ba, rini mai sauƙi ne nata.

Maza kuwa gemu ne matsalarsu. Fatar fuska ta fi ta kai laushi, ga baki ga hanci a kusa, kuma a gajeren gemu fari yana leƙowa cikin kwanaki, sai rini ya koma na kowane sati. Rage tsawon gemun, ko taɓa shi da launi mai sassauci a bar wani farin, ya fi wannan tseren da ba a cin nasararsa. Akwai kuma ruwan shafawa na maza da ke duhunta gashi kaɗan-kaɗan kullum. Tsofaffinsa da gishirin dalma aka yi su, kuma a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yanke shawarar janye izinin sa dalma a rinin gashi. A duba kwalba. Gira da gashin ido kuwa, rinin kai ba ya zuwa wurin ko kusa. A shekarun 1930 wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure, mai ɗauke da PPD, ya makantar da mace a Amurka, kuma yana cikin abubuwan da suka kai ga dokar kayan kwalliya ta 1938 a ƙasar.

Wani abu da ke tura mutane ga rini da gaggawa shi ne zaton cewa furfurarsu ta yi sammako, ko kuma za ta mamaye kai cikin ɗan lokaci. An daɗe ana cewa rabin mutane rabin gashinsu ya yi fari a shekara 50. A 2012 masu binciken kamfanin L'Oréal suka duba sama da mutum 4,000 daga sassan duniya, suka ga masu rabin kai fari a wannan shekarun ba su wuce kashi 6 zuwa 23 cikin 100 ba, kuma 'yan asalin Afirka da Asiya sun fi Turawa jinkiri. Gado ne ke da babban kaso. Furfurar da ta zo wa matashi da yawa tun bai kai talatin ba ta cancanci a ga likita kafin a ga mai rini, domin ƙarancin bitamin B12 da matsalar ƙwayar tayirod da ke a wuya suna iya jawo ta, kuma an ga tana saurin zuwa wa masu shan taba. A 2020 masu bincike a Jami'ar Harvard sun nuna a jikin ɓeraye yadda tsananin damuwa ke ƙarar da ƙwayoyin da ke samar da launi. Ƙwayar maganin da ake tallatawa wai tana dawo da baƙin gashin mai furfurar shekaru kuwa, babu wadda aka tabbatar. Tsige farin sili ba ya haifar da biyu, amma yawan tsigar yana iya kashe gindin ya bar gurbi.

Na san akwai mai cewa duk wannan magana ce ta wanda ba ya neman aiki, ba ya tsoron a ce ya tsufa. Gaskiya ne matsin akwai shi, kuma ba daidai ya faɗa wa maza da mata ba. Nelson Mandela da Kofi Annan sun tsaya gaban duniya da farin kai, aka kira shi kwarjini. A 2022 gidan talabijin na CTV a Kanada ya raba gari da mai gabatar da labarai Lisa LaFlamme bayan shekara 35 tana yi masa aiki, ita da ta daina rini a lokacin annobar korona. Jarida ta ruwaito cewa wani babban jami'i ya tambayi wa ya ba da izinin barin gashin ya yi fari, kamfanin kuma ya musanta cewa shekaru ko furfura ne dalili. Ko me ya faru a can ciki, yadda mata a ko'ina suka ji zafin labarin ya nuna sun san wannan tambayar, an taɓa yi musu ita da baki ko da ido. Ba zan zargi macen da ta rina gashi don ta riƙe aikinta ko don ta huta da tsokaci ba. Laifin yana kan mai ɗaukar ma'aikata da ke auna iyawa da launin kai, da mijin da nasa gemun ya yi fari amma yake ƙorafin na matarsa. Christine Lagarde tana shugabantar Babban Bankin Turai tun 2019 da farin gashinta, kuma barin furfura zaɓi ne cikakke, yana da nasa gyaran: farin sili ya fi bushewa, yana son mai, yana son aski ko kitso mai tsafta, yana son a kare shi daga hayaƙi da zafin ƙarfen miƙarwa da ke sa shi ya yi ɗorawa.

Akwai kuma wanda rinin dindindin ne kaɗai zai biya masa buƙata: fari ya wuce rabin kai, kuma yana son a rufe shi ruf. Shi ma yana da sauran zaɓi a cikin zaɓinsa. Ya ɗauki launin da ya fi nasa na asali haske da mataki ɗaya ko biyu, ruwan ƙasa mai duhu a kan baƙar fata baƙi ake ganinsa, kuma sinadarinsa ya fi ƙaranci. A shafa wa sabon tsiro kawai, tsohon da ya riga ya rinu ba ya buƙatar ƙari, maimaita masa ne ke sa ƙarshen gashi ya yi baƙi ƙirin ya bushe. A cike tazara da hoda ko feshi har a kai sati shida ko takwas. A kiyaye mintunan da aka rubuta, domin barin rini ya daɗe ba ya ƙara kyau, fata kawai yake ƙara jiƙawa. Kada a shafa a kan rauni ko ƙuraje, a wanke sosai, a ajiye ragowar inda yara ba za su kai ba.

Mutanen da na fi jin tausayi a wannan harka su ne masu shafa mana. Wanda ake yi wa rini yana haɗuwa da sinadarin sau ɗaya a wata, mai aski da mai gyaran gashi kuwa sau da yawa a yini, shekara da shekaru, galibi da hannu tsirara, a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Faransa ba ta iya yanke hukunci a kan mai rina kansa ba, amma sana'ar aski da gyaran gashi ta sa ta a rukunin ayyukan da ake kyautata zaton suna jawo cutar, saboda sinadaran da ake cuɗanya da su kullum. Da yawansu 'yan koyo ne, matasa, waɗanda tafin hannunsu ke tsagewa suna ɗauka haka aikin yake, kuma wanda jikinsa ya ƙi PPD a cikinsu yana iya rasa sana'ar baki ɗaya. Mai shago ya tanadi safar hannu ta roba, sabuwa ga kowane kwaɓi, a sa ta har lokacin wanke kai, ya buɗe taga. Mu kuma da muke zaune a kujera, in muka ga yaro ko yarinya za su tsoma yatsu a kwanon rini, mu ce su dakata su sa safar, za mu jira.